Kififfiyun Gidan Nomau Masaƙi

An ce wani sarki na wani birni a bakin kogi, wata rana aka kawo masa ƙarar wani masaƙi mai suna Nomau. Duk shekara idan ruwa ya janye, kififfiyu kan fito daga kogi, su kutsa ta magudanar ganuwa, su ratsa kasuwa, su taru a ƙofar gidansa. Maƙwabta suka ce tsafi yake yi, shi ke kiransu. Sarki ya yanke a kore shi da iyalinsa.

Akwai wani dattijo, Malam Ilu, wanda tun rasuwar matarsa zaman ɗaki ya gagare shi, kullum yana bakin kogi. Ya je fada ya roƙi a jinkirta korar shekara guda, ya binciko abin da ke kawo kififfiyun. Sarki ya ce in ya dawo hannu wofi, tare za a kore su. Malam ya ce ya yarda.

Ya riƙa kama kififfiyun yana yi musu 'yar tsaga a gefen ƙoƙon baya don ya shaida su. Ya bi masu fita ta daji cikin taɓo har ƙafafunsa suka tsattsage, ya bi masu shiga gari cikin kwata. Mutane suka ce rashin mata ya taɓa shi. Bai fasa ba.

Da lokaci ya zagayo, ya roƙi a ajiye Nomau a fada, a bar gidan ba kowa. Kififfiyu suka wuce ƙofar fada ko waiwaye babu, suka nufi gidan. Sarki ya bi su da kansa, ya tambayi Malam, in ba Nomau suke bi ba, me suke bi?

Malam ya ce, "Ya sarki, wane ne baƙo, wanda ya shigo ta magudana ko wanda ya gina ganuwa?"

Sarki ya ce, "Mai shigowa mana."

Malam ya durƙusa ya tone yashin ƙofar gidan, sai ga ƙwai farare. Ya ce, "Ta tsagar da na yi musu na gane, na daji kowace yashin da ta saba take komawa ta yi ƙwai. Waɗannan ma wurin nasu yashin suka zo. Allah ya ba ka nasara, kafin ka faɗaɗa ganuwa ka raba filaye, nan gaɓar kogi ce. In akwai wanda ya haɗa su da Nomau, kai ne."

Sarki ya daɗe yana duban ƙwan. Sa'an nan ya nemi gafarar masaƙi a gaban maƙwabtansa, ya sa aka fasa wa kififfiyu hanya a ganuwa. Ya ce, "Mai hukunci, kafin ya nemi mai laifi a waje, ya fara duba abin da hannunsa ya gina."