Kira da Ƙira

Akwai wani ɗalibin tarihi a jami'a da 'yan ɗakinsu ke ce wa Sauƙi. Ba sauƙin hali ne ya jawo masa sunan ba. Duk abin da aka sa shi, amsarsa ɗaya ce: "A bi ta sauƙi mana." Kai kam yana da shi, ba mai musun wannan. Amma son jiki ya yi masa katutu, irin wanda in ruwan sha yana bakin ƙofa sai ya jira wani ya shigo ya miƙo masa.

Su huɗu ne a ɗakin, kowa da fanninsa. Akwai Manaja mai karantar harkar kasuwanci, da Tambaya mai nazarin zamantakewar al'umma, sai Ƙamus mai nazarin harshe. Da suka shiga shekarar ƙarshe, kowa ya duƙufa kan kundin bincikensa. Manaja ya yini a shaguna yana kallon yadda ake jawo mai saye. Tambaya ya bi gida-gida da takardunsa, wasu su amsa, wasu su kore shi. Ƙamus kuwa har barci yake da abin sauraro a kunne. Shi Sauƙi an ba shi tarihin tsoffin sana'o'in unguwar kasuwa, malaminsa ya ce ya nemo dattawa goma ya zauna da su baki da baki.

"Dattawa goma!" in ji shi, yana miƙe a katifa. "Kowanne sai ya yi awa guda yana gaisuwa. A bi ta sauƙi mana."

A gida kuwa, Ummansa tela ce. Shekara huɗu tana taka keke domin karatun nan. Tuni ta yanka masa yadin da zai sa ranar yaye su, duk ya kira ta sai ta ce, "Rigarka ta kusa, saura wuya da maɓallai."

Wata rana da hantsi ya shiga ɗakin karatu, ya zaro wani tsohon kundi da aka buga da tafireta shekara goma sha biyar da suka wuce. Bai karanta ko shafi ɗaya ba, wallahi. Bayan littafin ya juya, inda aka jera waɗanda aka yi hira da su: suna, shekaru, unguwa, sana'a. Ya ɗauki hoton shafin da waya ya fito yana fito. Ya ƙara wa kowane dattijo shekara goma sha biyar, ya zauna ya ƙaga hira goma daga kansa. Ko a ransa bai raya cewa mutum yana mutuwa ba.

Wanda ya fi ba shi daɗi shi ne na shida. A gaban sunansa an rubuta sana'a: kira. Sauƙi ya ce ai wannan mai shela ne, mai zagaya unguwa yana kiran jama'a. Ya ba shi shafi shida cur, ya ba shi murya mai girgiza ƙofar shago, har ya ce dattijon ya gwada masa shelar, sai da shi Sauƙin ya toshe kunne.

Ƙamus ya leƙa hoton shafin a wayar. "Anya kira ne, ba ƙira ba? Tsohuwar tafireta ba ta da ƙugiya, da biro ake sa ta, kuma tana gogewa. Je ka duba cikin littafin."

"Kai dai matsalarka ke nan, ƙugiya, ƙugiya. Ana cin ƙugiya ne?"

Ranar kare kundi, Sauƙi ya shiga da gogaggun kaya a jikinsa. Dogon tebur ne, malamansa uku a zaune, a tsakiyarsu farfesar da aka gayyato daga wata jami'a, mace mai tabarau da sanyin murya. Tambayoyin farko ya watsa su kamar ruwa. Malaminsa har yana gyaɗa kai. Sai farfesar ta buɗe hira ta shida, ta daɗe tana kallonta.

"Wannan dattijon, da kanka ka je wurinsa?"

"Da ƙafata, ranki ya daɗe. Sau biyu ma."

"Yaya ka same shi?"

"Lafiya ƙalau. Ga raha, ga murya. Har ruwa ya ba ni, ya ce in gaishe da malamaina."

Ta cire tabarau ta ajiye. Sauƙi ya ɗauka burge ta ya yi.

"Mahaifina ne," in ji ta. "Shekara bakwai ke nan da aka fita da gawarsa a gaban idona."

Ɗaya daga cikin malaman ya ce, "Innalillahi!" Malamin Sauƙi ya miƙe tsaye, ya koma ya zauna, bakinsa a buɗe. Shi kuwa gogan naka sai ya sunkuyar da kai.

"Kuma bai taɓa yin shela ba," ta ci gaba. "Maƙeri ne. Ƙira ya gada, ita ya yi shekara hamsin. Mutum ne da sai ka matso kusa kake jin maganarsa. Kundin da ka ɗauko nawa ne, da sunana na gida. Ni na bi shi da biro ina sa ƙugiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Da ka buɗe shafi ɗaya tak, da ka ga zugazugi da guduma."

"Ranki ya daɗe, kuskure ne..."

"Kuskure? Ka tada mini uba daga kabari, ka sa masa maganar da bai faɗa ba, ka ce ya ba ka ruwa?" in ji ta. "Sauran taran fa? Su wa ka gani a cikinsu?"

Bai ga kowa ba, kuma dole ya faɗa da bakinsa. Da aka bincika, shida cikin goman sun riga mu gidan gaskiya.

Kafin ya kai ɗaki labari ya riga shi. Manaja ya riƙe kai da hannu biyu. Tambaya sai maimaitawa yake, "Da matattu? Hira da matattu?" Ƙamus ya mayar da abin sauraronsa kunne, kuma wannan ya fi komai yi wa Sauƙi ciwo. Bayan mako uku kwamiti ya zauna, aka soke kundin, aka kore shi daga jami'ar.

Ya isa gida da jakarsa da rana tsaka. Umma tana zaune gaban keke, farar rigar a cinyarta, allura a hannu. Ta ɗago da fara'a ta ce, "Ka zo a daidai, maɓalli ɗaya ya rage. Zo ka gwada." Ya miƙa mata takardar. Ba ta iya karanta ta ba, sai ta mayar masa ta ce, "Karanta mini, ɗana." Haka ya tsaya a tsakar ɗakin ya karanta mata, kalma bayan kalma, allurar tana hannunta.

Darasin a fili yake, ɗalibi, ko tarihi kake karanta, ko kasuwanci, ko harshe, ko halin jama'a. Duk fannonin nan a kan mutane aka gina su, mutanen kuma suna da 'ya'ya da jikoki masu sanin gaskiyarsu. Abin da ba ka je ka gani ba, kada ka ce ka gani. Abin da ba a faɗa maka ba, kada ka sa shi a bakin wani. In abokinka ya ce ka koma ka duba, to ka daure ka koma. Awa goma ta gaisuwar dattawa Sauƙi ya guda, ya zubar da shekara huɗu tasa da ta mahaifiyarsa.