Kajin da Aka Mayar Cikin Ƙanƙara

An yi wani mutum mai sayar da kaji da kifi na ƙanƙara. Mai Sanyi ake ce masa, saboda ɗakin sanyin da yake da shi a bayan kasuwa. Masu gidajen abinci a wajensa suke sari. A idon jama'a mutumin kirki ne. Yana da fara'a, yana sadaka, sahun gaba ba ya wuce shi.

Wata rana ana tsananin zafi injin ɗakin ya mutu. Kafin mai gyara ya gano abin da ya ƙone, kajin sun narke. Jan ruwa yana bin ƙasan kwalaye, fata ta yi yauƙi, ɗoyi ya fara tashi. Mai Sanyi ya shiga ya fita, ya sake shiga. Ya ɗaga wannan kwali ya dire, ya buɗe wancan ya kau da kai. Wata zuciyar ta ce masa a haƙa rami. Wata ta ce, rami? Da hannunka za ka binne jarinka?

Sai ya turo ƙofa. Ya wanke kajin da gishiri da lemon tsami, ya sauya musu kwali. Da injin ya tashi ya mayar da su ciki, ƙanƙara ta rufe ɗoyin. Ya ce wa kansa, "Ai wutar girki ba ta barin komai."

Ya sayar da su tas. Ya yi ta kasa kunne, ko babur ya tsaya a ƙofar shago sai gabansa ya faɗi. Babu wanda ya dawo da ƙorafi.

Ya 'yan uwa, wannan shirun shi ya halaka shi. Talala aka yi masa, shi kuwa ya ɗauka wayo ne.

Daga nan abin ya zama jiki. Ya koma kashe injin da gangan don kada ya sha mai. Kayan da wasu 'yan kasuwa suka ƙi, shi yake kwashewa. Amma ya daina kai ko fiffike gidansa.

Matarsa ta ce, "Maigida, mai kaji guda, tukunyarsa ba kaza?"

Ya ce, "Likita ya hana ni maiƙo."

Ta ce, "Har yaran likitan ya hana?"

Ya yi dariyar yaƙe, ya tashi ya bar mata ɗakin. Ashe ya san abin da yake sayarwa.

Cikin masu sari akwai wata dattijuwa da ake kira Uwar Girki. Mijinta ya rasu, da girkin da take yi wa ma'aikatan wata masana'antar ɗinki take riƙe marayunta. Ranar da ta zo, kajin da suka narke har sau biyu ne a gaba. Ta ce, "Ƙanina, ni ba na duba kayanka. Zuba mini kawai, rana na yi." Hannunsa ya tsaya a kan kwalayen. Sannan ya ɗauka ya ɗora mata a mota.

Washegari teloli suka riƙa barin kekunansu suna rige-rigen banɗaki. Amai da gudawa da zazzaɓi. Asibiti ya cika, har a baranda ake ƙarin ruwa. Wata mai juna biyu ta yi ɓari. Tsohon da ke gadin ƙofa, wanda Uwar Girki take zuba wa abinci kyauta, jikinsa bai jure ba. Ya rasu.

Aka tsare Uwar Girki. Mai Sanyi ya kasa zama a shago, ya kasa zama a gida. Ƙafafunsa suka kai shi inda take. Ta kama ƙarfen taga tana kuka ta ce, "Ƙanina, na rasa inda na yi kuskure. Tukwanena a wanke suke, ruwana mai kyau ne. Ko hannuna ne?"

Ya ce, "Ƙaddara ce, Yaya."

Kun ji? Ya ɗauki laifinsa ya jingina wa ƙaddara, a gaban baiwar Allah da ya jefa cikin masifa.

Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Jami'an lafiya suka sami sauran kwali ɗaya a firjinta, suka gwada, suka biyo sawu. Suka iske shi yana loda kaya a mota zai gudu da su. Aka garƙame ɗakin, aka sallami dattijuwar, shi kuma kotu ta tura shi gidan yari.

Ya fito ya tarar matarsa ta kwashe yara ta koma gidansu, don a makaranta 'ya'yan mai mushe ake kiran su. Kuma wani abu ya same shi. Ya kasa yarda da abincin kowa. A ajiye masa kwano, ya buɗe, ya juya, ya tambayi wa ya dafa, ina aka sayo. In ya kai loma baki sai ya mayar da ita kwano. Haka ya rame ya ƙanjame, abinci na gabansa yana hucewa.

Ya 'yan uwa, kada ku ce wannan labarin 'yan kasuwa ne kawai. Ko'ina a duniya gurɓataccen abinci yana kwantar da mutane, yana kashe yara da tsofaffi, kuma kowace loma ta bi ta hannun wani. Mai yanka nama, mai wanke ganye da ruwan kwata, mai fitowa daga banɗaki ya wuce sabulu ya koma kan tukunya. Wanda ya ci abincinka bai ga inda ka ajiye shi ba. Amanar cikinsa ya ba ka. Abin da ba za ka ba ɗanka ba, don me za ka ba ɗan wani? Me za ka ce ranar da hannun nan zai yi magana?

Allah ya tsarkake hannayenmu da abin da muke ciyar da bayinsa. Allah ya kiyaye mu daga cutar da wanda ya yarda da mu. Amin.