Ranar da Nomau Ya Ce Babu Sauƙi

An taɓa yin wani mutum a wani gari, garin da ba zan kama sunansa ba don jikokin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu. Sunansa Nomau, baduku ne. Ku saurara da kyau, jama'a, don wannan labari ba ji na yi ba. Ina wurin aka yi shi, shekara talatin da wani abu ke nan, kuma ba a sahun masu gaskiya na tsaya ba.

Nomau bawan Allah ne da ba a jin kansa. In ka bi ta bakin kasuwa za ka same shi a rumfarsa ya tanƙwashe ƙafa, fata a cinya, basilla a hannu, yana ɗinkin takalmi ko kuben wuƙa. Shekara arba'in yana wannan zama, har zaman ya cinye masa gwiwa. Ta kai in zai tashi sai ya dafa ƙasa, ya dafa ginshiƙin rumfa, ya yi salati kafin ya miƙe. Karatunsa bai wuce abin da zai yi salla ba. A masallaci kuwa ƙarshen sahu yake tsayawa, can kusa da takalma.

Ana nan sai aka turo wata likitar gashin ƙashi asibitin garin, ana ce mata Likita Suwaiba. Masu gashin ƙashi, ga wanda bai sani ba, su ne waɗanda ke koya wa mutum motsa gaɓoɓinsa har ƙafar da ta ƙi tafiya ta koma tafiya. Wannan baiwar Allah ta ga yadda ciwon gwiwa ya zaunar da dattawa, har wasu sun koma salla a kan kujera, sai ta ƙirƙiro wata sabuwar hanya. Za a ɗaura wa mutum 'yar jakar yashi a idon sawu, ya riƙa ɗaga ƙafar yana saukewa safe da yamma. Amma ta ce ba za ta baza hanyar ba sai ta gwada ta ga ko tana da amfani. Wannan shi suke kira bincike.

Aka tara mu, mu arba'in masu ciwon gwiwa. Aka yi ƙuri'a, rabi za su ci gaba da tsohuwar hanya ta gasa gwiwa da ruwan ɗumi da miƙe ƙafa, rabi kuma su ɗauki jakar yashi. Ƙuri'ar yashi ta faɗo kan Nomau, ta faɗo kan wani attajiri mai faɗa a ji da ake kira Alhaji Gambo, ta faɗo kaina. Ni lokacin ina na'ibin liman, na faɗo daga kan keke, gwiwa ta ƙi komawa daidai.

To, bari in gaya muku irin mutuniyar da Likita Suwaiba take. Har ƙasa take durƙusawa ta gaishe da tsoho. Da hannunta take ɗaura mana jakar, jakar da ita ta zauna ta ɗinka. In mutum bai zo ba sai ta hau babur ta bi shi gida. Ba ta taɓa yamutsa fuska don ƙafar wani ta yi faso ba. Duk ranar Alhamis sai ta zaunar da mu ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauko wani kwali mai lambobi daga ɗaya zuwa goma, ta ce, "Baba, ya ƙafar? Nuna mini inda ciwon yake a nan. Ɗaya kaɗan ne, goma kuwa ba ya jurewa." Abin da ka nuna shi take rubutawa.

Kun san halinmu. Bahaushe ko ana kwantar da shi ana tayarwa, ka ce masa ya jiki, me zai ce? Ku faɗa mana. Da sauƙi! To, kun faɗa da bakinku. Haka muka riƙa yi. "Da sauƙi, Likita, alhamdu lillahi," sai mu ɗora yatsa a kan biyu ko uku. Ta yi murmushi, ta rubuta, mu ma mu ji daɗi mun faranta mata.

Da mun fito kuma mu taru a gindin darbejiyar asibiti, sai a ji gaskiya. Wannan ya ja wando ya nuna gwiwa ta kumbura kamar an hura ta, wancan ya ce jiya da rarrafe ya je alwala. Alhaji Gambo ne ke tsawatarwa. "Kai, ku rufa mana asiri. Yarinyar nan ta yi mana ɗawainiyar da 'ya'yan cikinmu ba su yi ba. Kada in ji wanda ya watsa mata ƙasa a ido. Magani ai sai a hankali." Kowa ya ce haka ne, Alhaji. Nomau ma da sauƙin ya riƙa cewa, mako shida cur. Ba zan mai da shi mala'ika ba, tare muka fara.

A mako na shida, Likita tana ɗaura masa jaka, farin ciki ya sa ta yi masa hira. Ta ce, "Baba, in Allah ya so, in muka gama zan rubuta sakamakon nan in aika. Za a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci, duk tsohon da ke ƙauye mai ciwon gwiwa haka za a yi masa."

Sai Nomau ya ce, "Likita, wato abin da muke faɗa miki shi za a aika?"

"Shi ne hujjata, Baba. Ni ba na jin ciwon, ku ke ji. Abin da kuka ce shi ne shaida."

Ku riƙe kalmar nan, shaida. Ni ma ina zaune a bencin na ji ta, ta shiga ta wannan kunne ta fita ta wancan. Shi kuwa baduku, wanda bai haɗa izu biyar ba, ya riƙe ta. Ya tafi gida yana ɗingishi, ya yi mako guda maganar tana cin sa. Daga baya matarsa ta ce ko tuwon kirki bai ci ba a kwanakin nan.

Alhamis ta zagayo. Ina bayansa a layi, labule ne kawai tsakaninmu, komai a kunnena. Likita ta ɗauko kwali ta ce, "Baba Nomau, ya ƙafar?"

Sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa. "Likita, ki gafarce ni. Wallahi kunyarki nake ji, ban san ta inda zan fara ba. Babu sauƙi."

"Na'am, Baba?"

"Babu sauƙi, 'yata. Tun da na fara ɗaga yashin nan abin gaba yake yi. Sau shida kina tambayata, sau shida ina yi miki ƙarya. Biyun nan da nake nunawa ba biyu ba ce." Na leƙa ta gefen labule, na ga ya ɗora yatsa a kan takwas, kansa a sunkuye.

Ta ja wandonsa ta duba gwiwar, ta taɓa ta ji zafi rau. Fara'ar nan ta ɓace daga fuskarta. Sannan ta ce, "Baba, sauran fa? Su ma haka ne?"

Na ce a raina yau asirinmu ya tonu. Sai na ji ya ce, "Likita, ni dai gwiwata na sani." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Ya fito, na shiga. Ta tambaye ni, idonta ya yi ja. Kun san me na ce? Na ce da sauƙi. Wallahi na ce da sauƙi, na nuna biyu, alhali na ji abin da ya faru.

A gindin darbejiya aka yi masa ca. Alhaji Gambo ya nuna shi da sanda. "Nomau, ashe kai butulu ne? Kyauta ake yi maka, ko sisi ba ka biya, ka rasa abin saka mata da shi sai baƙin ciki? Ka ga idon yarinyar nan kuwa?" Wani ya ce dama talaka bai iya samun wuri ba. Nomau yana tsaye ya jingina da bishiya yana murza hularsa a hannu.

Sai ni, malam, mai rawani, na ga dama ta samu ta yin nasiha. Na gyara murya na ce, "Nomau, ka ji tsoron Allah. Mumini haƙuri aka san shi da shi. Ciwo jarrabawa ce, ba a kai ƙarar Ubangiji wurin bayinsa. Ka ce alhamdu lillahi ka yi shiru."

Ya ɗago ya dube ni, ba da faɗa ba, da ladabi. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ni jahili ne, ku ne masu sani. Alhamdu lillahi kam ina faɗa, ko yanzu na faɗa. Amma ni ban kai ƙarar kowa ba. Cewa ta yi shaida ce, za a kai ƙauyuka a ɗaura wa tsofaffi. To in wani tsoho ya gurgunce a kan da sauƙina, Malam, wa za a tambaya?"

Jama'a, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da nake karantar da mutane cewa shaidar zur tana cikin manyan zunubai, ga baduku yana tuna mini. Amma girman kai ya hana ni cewa ka yi gaskiya. Na ja tsaki, na gyara malum-malum, na yi tafiyata. Makonni biyu aka yi ba mai zama benci ɗaya da shi, har wasu suka ɗauke ɗinkinsu daga rumfarsa.

Likita Suwaiba kuwa ba ta bar maganar ta wuce ba. Wata Alhamis muka zo muka tarar ta ajiye kwalin nan. Ta zo da tef ɗin awo irin na tela tana auna gwiwar kowa, ta sa mu hau matakala uku tana kallo. Sannan ta sauya tambaya. Da na zauna ta ce, "Malam, sallar Asubar yau, a tsaye ka yi ta ko a zaune?"

Ina mutum zai yi ƙarya a kan salla? Na sunkuyar da kai na ce a zaune.

"Tun yaushe?"

"Wata guda ke nan."

"Wa ke jan salla in Liman ba ya nan?"

Na ce ladan nake turawa, ina cewa mura nake yi. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dube ni kawai ta ce, "Haba Malam." Ta rubuta.

Cikin mu ashirin, goma sha huɗu sun koma salla a zaune. Alhaji Gambo ma ashe sai an riƙe shi yake shiga mota. A ranar ta karɓe jakunkunan yashi duka. Aikin da ta shekara biyu tana shiryawa ya rushe a gabanta, takardun da ta cika da ƙaryarmu ba su da sauran amfani. Ta tara mu ta ce, "Iyayena, kun ji kunyata, na gode. Amma da kun ci gaba, da hannuna zan nakasa mutanen da ban taɓa gani ba, ina murna ina cewa na taimake su." Ta juya wurin Nomau, ta durƙusa ta ce, "Baba, kai ne ka so ni." Shi kuwa sai sunne kai yake yi, kamar shi ne mai laifi.

Ta koma ta gano cewa nauyin ya yi wa gwiwa mai ciwo yawa. Ta rage shi sosai, ta sauya yadda ake ɗagawa, aka sake gwaji daga farko, wannan karon ba mai yi mata kara. Da wannan gyararriyar hanya tawa gwiwar ta warke. Ta Nomau ba ta warke ba, ta riga ta lalace, da sanda ya ƙarasa rayuwarsa.

Na yi niyyar in je rumfarsa in ce ya yafe mini. Sau nawa ina zuwa bakin kasuwa, in hango shi, in sauya hanya. Kullum sai in ce gobe. Shi kuwa duk inda ya gan ni sai ya rusuna ya ce Allah gafarta Malam. Ina cikin goben nan aka aiko cewa Nomau ya rasu, Liman ba ya gari, in zo in yi masa salla. Na tsaya a kansa da ƙafafuna biyu, a kan gwiwar da gaskiyarsa ta tsirar, ban taɓa ce masa ko sannu ba.

To, ga abin da nake so ku tafi da shi. Kunya abu ce mai kyau, amma kunyar da za ta sa ka yi ƙarya don kada ran wani ya ɓaci ba ladabi ba ce, cuta ce. In maƙwabci ya gaishe ka da jiki, ka ce da sauƙi, ba laifi, addu'a ce. Amma in likita ya zaunar da kai ya ɗauki biro, shaida yake nema, kuma wasu bayin Allah za a yi wa magani da abin da ka faɗa. Kai da aka ba motsa jiki ba ka yi, ka ce ba ka yi. Ke da kika kai mahaifiyarki gashi, kada ki amsa mata da sauƙi tana cije baki a gefenki. Kuma in wani ƙarami a idonku ya faɗi gaskiyar da kuka kasa faɗa, kada ku yi masa taron dangi.

Wanda kuma ya san akwai wani Nomau da ya ci wa fuska, ya tashi daga nan ya nufi wurinsa yau, tun yana jin sallama. Ni nawa ba ya ji. Allah ya jiƙan Nomau baduku, ya yafe mini, ya yafe mana baki ɗaya.