Wane Ne Ubanka a Kano?

Akwai wani ɗan kasuwa, Alhaji Mu'awiya, shugaban wata ƙungiyar Hausawa a Al Sabkha, Dubai. Mutum ne mai ji da asali. Ko shayi ya ba ka, sai ka sha da tarihin kakansa.

Dokarsa ita ce kwamitin ƙungiya na 'ya'yan manyan gidajen Kano ne. 'Yan Zangon Ghana, masu gadi da tuƙi, nasu shimfiɗa tabarma da rabon abinci.

Ranar zaɓe, Abdul-Fatawu, wani direba ɗan Kumasi, ya miƙe ya nemi kujera ɗaya tak ga mutanensa.

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "Malam, wane ne ubanka a Kano? Khalas, magana ta ƙare, zauna."

Bai zauna ba. Ya ɗauki takalminsa ya fita, 'yan Zango suka bi bayansa.

A gida, 'yar Alhaji, Bilqis, mai karatun tarihi ta ce masa, "Baba, haka manyan gidajen tsohuwar Rum suka yi fa. Majalisa tasu, muƙamai nasu, talaka sai noma da yaƙi. Rana ɗaya talakawa suka fice daga birnin, suka tare a kan wani tudu. Sai da manyan suka aika ana ba su haƙuri."

"Ke da Rumawanki," in ji shi. "Su tafi mana."

Ba a jima ba mahaifiyarsa, Hajiya Uwa, da ta zo jinya, ta rasu. Ya nemi 'yan kwamiti. Wannan yana China lodin kwantena, wancan yana Kano, wani ya turo ta'aziyya ta waya. Ga gawar uwa a ƙasar mutane, babu mata 'yan gida da za su yi mata wanka, babu masu cika sahu.

Ya buɗe lambar Abdul-Fatawu, kunya ta hana shi kira.

Ashe labarin rasuwar ya bazu. Kafin azahar sai ga bas daga unguwar Al Warsan. 'Yan Zango ne, wasu ko kayan aiki ba su cire ba. Alima, matar Abdul-Fatawu, ta shiga da mata suka yi wa Hajiya sutura. Maza suka yi sahu, suka ɗauke ta a kafaɗa.

A maƙabarta Alhaji ya riƙe hannun Abdul-Fatawu, ya ce, "Na ci mutuncinka a bainar jama'a. Ka yafe mini."

"Na yafe, Alhaji. Ranar nan ka tambayi ubana. Sunansa Musah, wankin mota yake yi a Kumasi. Shi ya koya mini ba a barin gawa ita kaɗai."

Alhaji ya rufe fuska da babbar riga, ya yi ta kuka. Ya soke dokar a makon, amma har yau bai iya haɗa ido da mutumin nan ba.

Darasi: Asali ba ya ɗaukar makara, mutane ke ɗauka. Kada ka hana mutum kujera don ba ka san gidansu ba. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani ya gyara tun kafin ranar kunya.