Tsuntsun da Ya San Inda Zuma Take

Akwai waɗansu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane, masu ɗiban zuma a jeji. Wan mutum ne mai ɗari-ɗari. Ko sabon takalmi aka ba shi, sai takalmin ya kwana a bakin ƙofa kafin ya sa. Ƙanen kuwa tun tasowarsa ba ya ganin rami ya wuce bai leƙa ba.

Wata shekara zuma ta yi wuya. Sai ga wani ɗan tsuntsu ya riƙa zuwa yana kuka a kansu, ya tashi, ya sauka can gaba, ya jira.

Ƙanen ya ce, "Yaya, kiranmu fa yake yi."

Wan ya ce, "To, ka zama baran tsuntsu! Babanmu da idonsa ya nemi zuma. In ka bi shi, kada ka ƙara taka mini gida."

Maganar ta soki ƙanen, gama ba shi da wani wurin kwana. Duk da haka ya saɓa gatari, ya ɗauki wuta, ya ce, "Yaya, ai kai ko ruwan sama sai ka tambaye shi wa ya aiko shi. Na tafi."

Tsuntsun ya kai shi gindin wata tsohuwar kuka, ya tsaya bakin kogo yana ta kuka. Ƙanen bai zura hannu ba. Ya hura hayaƙi tukuna, sai ga kububuwa ta fito ta sulale. Ya ɗaga kai ya bi ƙudan zuma da ido, ashe saƙar tana wani kogo can sama. Ya hau, ya cika ƙwarya.

Da ya dawo, wan ya tare ƙofa ya ce, "Zumar tsuntsu ba ta shiga nan."

Ƙanen ya zauna a waje, ya kira maƙwabta, kowa ya lashi yatsa. Kashegari ya soma kafa bukkarsa.

Ma'anar wannan misali ke nan: tsuntsun shi ne ƙirƙirarriyar basira, wato na'urar nan mai amsa tambaya da ta shigo makarantunmu da ɗakunan bincike. Tsuntsu ɗaya 'yan'uwan suka gani, hali ne ya raba su. Sau da yawa in masani ya ce, "Ba ta da amfani," tsoronsa ne ke magana, ba bincikensa ba. 'Yan'uwana matasa, Ubangiji bai ba mu hankali don mu kulle shi a ɗaka ba! Ku bi tsuntsun, amma kada ku sa hannu a kogo sai kun hura hayaƙi. In kuwa an rufe muku ƙofa saboda haka, jeji cike yake da itacen bukka.