Iskar Tayar Talha

Gatanan gatananku, jama'ar wannan shafi. Na ji kun ce ta zo mu ji ta, to ku gyara zama.

Akwai wani bakanike a garin Azare ana ce masa Yunusa, a shekarun da wayar salula ta fara shigowa, ba kowa ke riƙe ta ba. Gyaran babura yake yi, kuma Allah Ya ba shi hannu.

Abin da ya fitar da sunansa wata na'ura ce da ya haɗa da kansa. Ya samo ganguna biyu na ƙarfe daga tsohon injin casar shinkafa, ya jera su a rami, ya maƙala musu malejin wata matacciyar mota. Sai a ɗora tayar baya a kan gangunan, a ɗaure gaban babur da igiya, a murɗa totur. Babur yana gudu a tsaye, allurar maleji tana hawa. 'Yan acaɓa suka sa wa abin suna Alƙali, don shi ke raba gardamar ƙarfin babura.

Sai dai akwai abin da Yunusa ya gano ya ɓoye. Taya mai laushi tana lotsewa a kan ganga, ta cinye ƙarfin inji, allura ta kasa hawa. In aka cika ta da iska ta yi tauri, sai allura ta haura. Don haka kafin gyara yakan gwada babur yadda ya zo. Bayan gyara sai ya ɗura wa tayar iska a bayan shago, a sake gwadawa, jama'a su yi ta tafi. Kafin mai babur ya tafi, sai Yunusa ya faki ido ya danna bawul ɗin tayar ya rage iskar.

Wata rana a tsakiyar bazara, ƙaninsa Talha ya turo baburinsa yana hayaƙi. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma Yunusa ne ya koya masa tuƙi.

"Yaya, taimaka min yau ɗin nan. Taki zan kai gonar Inna a Giade kafin ruwa ya sauka."

Yunusa ya zauna wa injin sosai, ya sa sabon ringi, ya wanke kafireta. Yana cikin ɗaurewa sai ga Bunu, wani bakanike da ya buɗe gareji a tsallaken titi, ya zo ya harɗe hannu.

"Malam Yunusa, wannan ai sai dai a kai wa 'yan gwangwan. In Alƙalinka ya ɗaga masa allura, ni zan share maka shago."

'Yan acaɓa suka tuntsire da dariya. Yunusa ya ji abin har ƙahon zuciyarsa. Ya ja babur bayan shago, ya ɗura wa tsohuwar tayar iska fiye da yadda ya saba, har sai da wata tsaga da ke gefenta ta buɗe baki. Ya gani. Ya kau da kai.

Aka ɗora a kan ganguna. Allura ta tashi, ta wuce inda ta taɓa kaiwa. Wuri ya kaure da ihu, wani ya ɗauko tsintsiya ya miƙa wa Bunu.

Bunu bai tafi ba. Ya tsuguna dab da babur ɗin, yana leƙa nan, yana leƙa can, yana neman inda asirin yake.

Talha kuwa ya riga ya haye, bakinsa har kunne. "Yaya, na wuce?"

Yunusa ya dubi bawul, ya dubi Bunu. Sunkuyawa ɗaya ce, amma duk wanda ya ji fitar iskar zai gane komai. Ya ce a ransa, ai sai ya biya gida ɗaukar taki, can zan same shi.

"Je ka, Allah Ya tsare. Ka bi a hankali."

"Da wannan injin? Haba Yaya!" Talha ya yi dariya, ya ba babur wuta.

Nan take babura suka yi layi, kowa so yake a hau da nasa kan Alƙali. Yunusa ya ce bari ya sallami wannan, bari ya sallami wancan. Sai da aka kira azahar ya zabura, ya ari keke ya nufi gida.

Mahaifiyarsu, Inna Fatu, tana tankaɗe a tsakar gida. "Talha? Ai ya daɗe da tafiya. Buhu biyu ya ɗaura. Lafiya kake haki haka?"

"Lafiya lau, Inna."

Talha ba shi da waya. Yunusa ya karɓi baburin maƙwabci ya bi hanyar Giade, kwalta tana huci kamar tanda. Tun daga nesa ya hango mutane sun taru a gefen hanya, taki ya watsu fari fat.

Wani dattijo mai kiwo ya ce, "Ƙara kawai muka ji kamar bindiga. Tayar baya ce ta fashe. Ɗan'uwanka ne? Sai haƙuri, bai sha wahala ba."

An riga an lulluɓe shi da zanen wata mai tallar nono.

Da aka ɗauko babur ɗin aka kawo gareji, gabansa duk ya lanƙwashe. Yunusa ya rasa abin da zai yi da hannunsa, sai ya taka shi. Bugu ɗaya ya tashi, sauti tas, babu hayaƙi. Gyaran ya yi kyau. Da ba a ƙara wa tayar komai ba, da Talha ya kai Giade ya dawo.

Ranar da za a tashi daga zaman makoki, Inna Fatu ta sa aka kira shi. Ya durƙusa a gabanta cikin 'yan'uwa, da niyyar ya faɗa mata komai. Ta riga shi magana.

"Yunusa, akwai saƙon da ƙaninka ya bar min. Ya kai zaure ya dawo, ya ce, Inna, ki sa wa Yaya albarka, yau ya mayar min da babur sabo a gaban mutane. Na ce sai ya dawo in yi a gabansa." Ta share ido da bakin mayafi, ta ɗora hannu a kansa. "To ga shi na cika. Allah Ya yi maka albarka."

Ɗakin gaba ɗaya ya amsa da amin. Yunusa ya buɗe baki, amin ɗin ta ƙi fita.

Ƙurunƙus, nan tawa ta tsaya.

Darasi: Kada tsoron kunyar mutane ya hana ka gyara kuskuren da ka san zai iya cin rai. Kunyar rana ɗaya tana wucewa, wanda aka binne ba ya dawowa. Ku tura wa masu gyara da masu hawa, ko Allah Zai sa wani ya sunkuya tun da sauran lokaci.