Ɗakin da Ya Fanna Ta Toshe

Akwai wata dattijuwa a Nguru, Ya Fanna. 'Ya'ya tara ta haifa, bakwai suka rayu, kuma ba ta taɓa kwana a asibiti ba. Duk wanda ya zauna da ita sai ya ji wannan.

Surukarta Ikilima ta haifi ɗa namiji, aka sa masa Alamin. Yana da sati uku tari ya kama shi.

"Sanyi ne," in ji Ya Fanna. Ta rufe taga, ta cusa tsumma a ƙasan ƙofa, ta shigo da kaskon garwashi ta zuba turaren wuta. Haka aka yi mata, haka ta yi wa nata.

Da hantsi Suwaibatu ta leƙo. 'Yar maƙwabta ce, nas ce a asibiti. Tana shiga hayaƙi ya sa ta tari. Ta karɓi jaririn, ta ɗaga rigarsa, ta zuba wa agogonta ido tana ƙirga numfashinsa.

"Ya Fanna, saba'in a minti ɗaya. Dubi ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa. Ciwon huhu ne, limoniya. A fitar da kaskon nan, a buɗe taga, mu tafi asibiti yanzu."

"Ke Suwaiba! Ni na yanke miki cibiya. Yau don kin sa farar riga za ki koya mini raino?"

"Ba raini ba ne, Ya Fanna. Ko nono ba ya kamawa."

"Mai jego ba ta taka titi kafin arba'in. A gidan nan dai ba a taɓa yi ba. Gaida uwarki."

Ikilima ta ce, "Iya, ko a gwada..."

Kallo ɗaya tsohuwar ta yi mata, Ikilima ta sunkuyar da kai. Mijinta yana Gashuwa sayen kifi, babu mai tsaya mata.

Kwana biyu Ya Fanna ba ta huta ba. Ta gasa masa ƙirji da tsumma mai ɗumi, ta shafa man zafi, ta ƙara garwashi. Kada wani ya ce ba ta son jikanta. Son sa take kamar ranta.

Rana ta uku yaron ya daina kuka.

"Kin gani? Ya samu sauƙi," in ji Ya Fanna.

"Iya, leɓensa ya yi shuɗi."

Ya Fanna ta fito da shi haske ta duba. Ita da kanta ta fita ba mayafi ta tare Keke Napep.

Suwaibatu ce ta karɓe su. Ta kwantar da yaron a gado. Ta ɗaga kansa, ta share masa hanci, ta sa masa robar iska, likita ya yi allura. Bayan la'asar Alamin ya cika.

Ya Fanna ta riƙe hannun nas ɗin. "Gaya mini gaskiya, 'yata. Da shekaranjiya muka zo fa?"

"Rai na Allah ne, Ya Fanna."

A gadon kusa da su wata mata daga Jajimaji tana ɗaure kayanta, an sallame ta. Ta ce, "Allah Ya ba da haƙuri, Iya. Nawa ma irin ciwon ne. Ranar da ya fara muka kawo shi."

Jaririnta yana ta tsotson nono. Ya Fanna ta daɗe tana kallonsa.

Darasi: Furfura ba ta ganin cikin huhu. Jariri in yana numfashi da sauri, ƙirji na lotsawa, ya ƙi nono, ku fitar da hayaƙi ku nufi asibiti, ko jegon kwana ɗaya ne. Ku tura wa iyaye mata, ku karanta wa kakannin da ba sa karatu, ko da za su yi fushi.